Diethard Ried na Code Geass: Mugu Ne Ko Ɗan Jarida Ne Kawai? Tambayoyi da Amsoshi

Idan masu kallon anime suka zauna lissafa miyagun Code Geass, sunayen da ke fara fitowa sanannu ne: Sarki Charles, ɗansa Schneizel, V.V., wani lokaci har da shi kansa Lelouch. Sai hira ta yi nisa wani zai ce, "Af, ina mutumin nan mai kyamara?" Daga nan gardama ta ɓarke. Wasu su ce ai aikinsa kawai yake yi, wasu su ce duk shirin babu mai baƙar zuciya kamarsa. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kansa, na amsa su gwargwadon abin da shirin ya nuna. Wanda bai gama kallo ba ya dakata a nan, domin zan tona labarin har ƙarshensa.

Wane ne Diethard, ga wanda ya manta shi?

Code Geass shiri ne na kamfanin Sunrise na Japan. Goro Taniguchi ya ba da umarni, Ichiro Okouchi ya rubuta labarin. Zango na farko ya fara fita a watan Oktoban 2006, na biyu mai laƙabin R2 ya biyo baya a 2008, kowanne kashi 25. A cikin labarin, daular Britannia (ba Birtaniyar da muka sani ba ce, wannan ƙagaggiya ce, kuma fadarta a nahiyar Amurka take) ta mamaye Japan, ta soke sunanta ta mai da ita Yanki na 11, mutanenta ma da lambar ake kiransu, kamar buhunan sito. Lelouch, ɗan sarkin da uban ya yasar, ya samu Geass, wani iko da ke sa duk wanda ya haɗa ido da shi ya bi umarninsa, sau ɗaya tak ga kowane mutum. Ya rufe fuska, ya kira kansa Zero, ya kafa ƙungiyar Black Knights, wato Baƙaƙen Barade.

Shi kuwa Diethard Ried furodusa ne a gidan talabijin na Hi-TV da ke Tokyo, ɗan Britannia gaba da baya. Joji Nakata ne ya yi muryarsa a Japananci. Muna fara ganinsa yana haɗa shirye-shiryen makokin Yarima Clovis, yana yi yana tsaki a zuci, don ya san duk wasan kwaikwayo ne. A kashi na 4, lokacin da Zero ya tare ayarin da ke ɗauke da Suzaku Kururugi, Bajapanen sojan Britannia da aka ɗora wa laifin kisan, ya ce shi Zero ne ya kashe Clovis, Diethard ya saɓi kyamara da kansa ya ruga kusa. Tun daga ranar bai sake dawowa hayyacinsa ba. Daga baya ya shiga Baƙaƙen Barade, aka ba shi sashen yaɗa labarai da leƙen asiri.

Me ya kai ɗan Britannia cikin 'yan tawayen Japan? Tausayinsu ya ji?

Ko kusa. Da tausayi ne da an ga alama, ko sau ɗaya, a tsawon shirin gaba ɗaya. Ba a taɓa nuna shi ya tsaya a unguwannin da aka rusa yana jimami ba, kuma bai da aboki Bajapane da za a ce dominsa ya sauya sheƙa. Shi da bakinsa ya bayyana dalilinsa: Britannia a wurinsa abu ne da aka riga aka gama ginawa, babu sauran labari a cikinta, Zero kuwa sabon zamani ne da ake kan ƙerawa, yana so ya kasance wanda zai ɗauki hoton haihuwarsa.

Wannan shi ne mabuɗin mutumin. Kowa a ƙungiyar yana da wanda yake yaƙi dominsa. Kallen tana da yayanta da ya mutu da mahaifiyarta da wulaƙanci ya jefa cikin shan ƙwaya. Ohgi yana riƙe da amanar abokinsa. Tohdoh soja ne da aka ci ƙasarsa da yaƙi. Lelouch kansa, duk da ɓarnarsa, ƙanwarsa Nunnally ce a ransa. Diethard shi kaɗai ne ya zo kallo. Da ace Britannia ce ke tashe, Japan ce tsohuwar daula, da can zai nufa da kyamararsa.

To ai shi ba mayaƙi ba ne. Ina muguntar?

Gaskiya ne, ba matuƙin Knightmare ba ne (manyan injinan yaƙi masu siffar mutum da ake tuƙawa a shirin), aikinsa kuma ba na riƙe makami ba ne. Amma Bahaushe bai taɓa auna laifi da riƙe wuƙa kaɗai ba. Muna da kalmomi jingim na irin wannan mutum: annamimi, mai haɗa husuma, mai ingiza mai kantu ruwa, kanwa uwar gami. Har cewa aka yi ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ba lallai karin maganar nan ya yi daidai a kowane hali ba (Lelouch ba ya buƙatar bafade kafin ya yi mugunta), amma ya nuna an daɗe da sanin cewa mai raɗa a kunne yana da nasa kason.

Ni ma'aunina uku ne, kuma ba na haɗa su a tukunya ɗaya. Me mutum ya aikata? Me ya sani lokacin da yake aikatawa? Da abin ya bayyana da muni, ya ya ji? Wanda ya auna Diethard da na farko kaɗai zai ga kamar ƙaramin alhaki ne. Na biyu da na uku su ke kayar da shi.

Ga misali tun da wuri. Shi ya tsegunta wa Baƙaƙen Barade cewa sojojin Gimbiya Cornelia za su kai hari tsaunin Narita. A wannan yaƙin ne Zero ya jawo zaftarewar ƙasa da ta binne mutanen gari, ciki har da mahaifin Shirley, 'yar makarantar su Lelouch. Ba zan ɗora masa wannan gawar ba, don bai san dabarar da Zero zai yi ba. Sai dai a kashi na 13, a tashar jiragen ruwa, Zero ya tarwatsa jirgin da ke ɗauke da Janar Katase da mayaƙan Japan, mutanen da ake zaton ya zo ceto, don kawai ya samu kafar afka wa Cornelia. Ohgi da sauran sun yarda cewa mutanen ne suka hallaka kansu. Diethard ya gane gaskiyar nan take, kuma abin da ya fito daga bakinsa dariya ce ta murna. A wannan daren ya san ko wane ne yake bi, ya kuma ƙara ƙaimi.

Wane aiki nasa ne ya fi muni a zango na farko?

A ganina, abin da ya yi wa Kallen a kashi na 18, duk da cewa ba a zubar da ɗigon jini ba.

Ga yadda aka yi. An gano cewa Suzaku ne matuƙin Lancelot, farin Knightmare ɗin da ya addabi ƙungiyar, sannan Gimbiya Euphemia, ƙanwar Cornelia, ta naɗa shi bardenta. Diethard ya hango haɗarin, kuma hangensa daidai ne: muddin Japanawa suka ga ɗan'uwansu ya samu ɗaukaka a cikin tsarin Britannia, wasunsu za su ce to me ya sa za mu mutu a tawaye? Sai ya kawo shawara a taro cewa a yi masa kisan gilla. Tohdoh ya ƙi, ya ce Japanawa ba za su bi masu aikin matsorata ba. Zero ma bai amince ba. Nan ya kamata magana ta ƙare.

Sai Diethard ya zagaya ta bayan gida. Ya samu Kallen, yarinya 'yar shekara 17 wadda ya san za ta iya faɗawa wuta saboda Zero, ya zuga ta. Ita kuwa aji ɗaya suke da Suzaku a makarantar Ashford. Ta ɗauki wuƙarta da ke ɓoye a jakar kuɗi ta nufe shi a tsakiyar walimar da ɗalibai suka shirya masa. Lelouch ne ya riƙe hannunta.

A duba abin da ya tara a aiki ɗaya. Ya tsallake hukuncin shugabansa. Ya yi amfani da biyayyar yarinya ya mai da ita makami. Ya tura ta inda, ko ta yi nasara ko ta kasa, asirinta zai tonu kuma rataya ce makomarta, alhali shi yana can nesa, rigarsa fes. Irin wannan ne ake kira jifa da ɓoye hannu. Kuma ba a nuna ya yi nadama ba ko da an titsiye shi.

Watsa kisan kiyashin da Euphemia ta yi fa? Mutane da yawa nan suke kafa hujja.

Nan ne nake rabuwa da su, aƙalla rabin hanya.

A kashi na 22 Euphemia ta tara dubban Japanawa a filin wasa don buɗe yankin musamman da za a mayar musu da sunansu da 'yancinsu. Lelouch ya riga ya yarda zai mara mata baya. Cikin raha ya ce mata da ya so zai iya sa ta kashe Japanawa duka, a daidai lokacin da Geass ɗinsa ya ƙwace ya daina kashuwa. Raha ta zama umarni. Ta fita ta sa sojoji suka buɗe wuta. Hukumomin Britannia sun yi ƙoƙarin katse watsa shirin, Diethard kuwa ya tabbatar hotunan sun fita duniya.

Shin wannan laifi ne? Gwamnatin mamaya tana harbe fararen hula a fili, tana ƙoƙarin rufe idon duniya, wani ya hana ta. Duk ɗan jaridar da ya san aikinsa abin da zai yi ke nan. Ko a kotunan duniya na gaske, ba a kan nuna ta'asa ake hukunta 'yan jarida ba, a kan kiran jama'a su aikata ta ne. Kotun Nuremberg ta yanke wa Julius Streicher, mai jaridar Der Stürmer, hukuncin rataya a 1946 saboda shekarun da ya kwashe yana tunzura a hallaka Yahudawa, amma kotun guda ta sallami Hans Fritzsche na rediyon gwamnatin Nazi. A watan Disamban 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana na rediyon RTLM da Hassan Ngeze na jaridar Kangura da laifi kan kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994. Da wannan sikelin, Diethard bai kira kowa ya kashe kowa ba a ranar. Abin da ya faru ya nuna.

Rabin hanyar da nake tare da masu zarginsa ita ce wannan. Na farko, fuskarsa. Mutum yana kallon ana harbe tsofaffi da yara, shi kuwa kamar manomin da ya ga hadari ya haɗo. Na biyu ya fi nauyi, kuma ban cika jin ana ambatonsa ba. A kashi na 19 na R2 gaskiya ta iso gabansa: Schneizel ya gabatar wa shugabannin ƙungiyar hujjar cewa Geass ne ya sa Euphemia ta yi abin da ta yi. Wato labarin da ya fi kowanne girma a aikinsa, wanda ya sa duniya ke tsine wa yarinyar a matsayin gimbiyar kisan kiyashi, rabin gaskiya ne. Ɗan jarida na ƙwarai a nan barci zai ƙaurace masa. Diethard ba a nuna ya ko yi tunanin wanke sunanta ba. Hankalinsa yana kan yadda za a rufe labarin Zero da kyau.

Amma da ya ce babu wani labari marar son rai, ba gaskiya ya faɗa ba?

Ya faɗi wani abu mai kama da haka, cewa rashin ɗaukar ɓangare tatsuniya ce, aikin jarida kuma a ƙarshe ɗan'adam ne ke yinsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take ruɗin mutane. Duk wanda ya taɓa sauraron labari ɗaya a tashoshin rediyo uku ya san kowa da inda yake sa gishirinsa. Edita ne ke zaɓen abin da zai zo farko da abin da za a bari.

Sai dai daga "ba zan iya rabuwa da son raina gaba ɗaya ba" zuwa "saboda haka ina da izinin shirya abin da zan ba da labarinsa" akwai rami mai zurfi, Diethard kuwa tsalle ɗaya ya yi ya haye. Alƙali ma mutum ne, yana da son rai, amma ba mu ce don haka ya tashi ya taya mai ƙara dambe ba. Mutumin da ya tura a kashe Suzaku don labari ya tafi yadda yake so ya riga ya ajiye aikin jarida, ko da kyamarar tana kafaɗarsa.

Maganar auren Tianzi da tsare Villetta, ba ƙananan abubuwa ba ne?

Na farkon an yi shi cikin raha a shirin, shi ya sa ake mantawa. Manyan bābānnin fadar Tarayyar Sin sun shirya sayar da ƙasarsu ta hanyar aurar da sarauniyarsu Tianzi, yarinya 'yar shekara 13, ga Yarima Odysseus na Britannia. Baƙaƙen Barade suka wargaza auren, aka watsa wa talakawan Sin maganganun da bābānnin suka yi na raina su, ƙasa ta ɗauki wuta. Ƙura ba ta gama lafawa ba Diethard ya ce to yanzu sai a aurar da ita ga wani Bajapane don a ɗaure ƙawancen. Abin da aka yi yaƙi don hanawa, shi ya ɗauko ya sake wa fenti. Matan ƙungiyar suka taso masa, Lelouch ma bayan ya yi waya da Shirley ya watsar da shawarar.

Na biyun ba raha a cikinsa. Ya lura Ohgi, mataimakin shugaba, yana da wata alaƙa ta ɓoye da Villetta Nu, jami'ar Britannia. Ya sa Sayoko, 'yar leƙen asirin ƙungiyar, ta bi sawunsa, abin ya kai ga jifa da wuƙaƙe da faɗawa daga kan dutse. Daga baya ya tsare Villetta, ya riƙe ta a matsayin linzamin da zai ja Ohgi da shi. Za a iya cewa shugaban leƙen asiri dole ya binciki irin wannan alaƙa, kuma na yarda. Amma hanyar gaskiya ita ce ya kai maganar gaban shugabanni. Shi ya zaɓi ya ajiye asirin a aljihunsa ya riƙa murza kunnen abokin aikinsa. Kuma dabarar ta juye masa: Ohgin da ya matsa wa lamba shi ne ya shigo taron Schneizel tare da Villetta ya tabbatar da zancen Geass.

Shi ya ci amanar Zero, ko Zero ne ya fara cin tasu?

Sauran suna da hujjar fushi. Tohdoh da Chiba sun rasa mutanensu, Ohgi ya ji an yi wasa da hankalinsa, kuma bam ɗin FLEIJA ya riga ya shafe tsakiyar Tokyo. Cin amanarsu ta masu ciwo ce, ko da mutum yana ganin sun yi gaggawar yarda da maƙiyi.

Diethard daban. A farkon taron shi ne ma ya tsaya wa Zero: da aka ce ɗan sarkin Britannia ne, ya ce ba asali suke bi ba, sakamako suke bi, da aka zo kan Geass, ya ce ai makami ne mai amfani. Wato duk abin da ya girgiza sauran, shi bai dame shi ba. Sai da ya ga ƙungiya ta juya baya, jarumin nasa ba zai ƙara tashi ba, sannan ya ɗauko kyamara ya tsaya cikin masu bindiga don ya ɗauki ƙarshen Zero, da niyyar a sanar wa duniya cewa a fagen fama ya faɗi. Rolo, ƙanen bogi na Lelouch, shi ne ya kutsa ya fice da shi, amma duk da haka aka fitar da sanarwar cewa Zero ya mutu.

Saboda haka ban cika son kiran abin cin amana ba. Sai da amana ake cin ta. Shi bai taɓa ƙaunar Lelouch ba, bai ma damu ya san shi ba. Fuskar ƙarfen nan yake so, da labarin da ke bayanta.

Me ya sa ya koma wurin Schneizel?

Don labari na gaba yana can. Kuma wannan shi ne laifinsa mafi girma idan yawan rayuka ake dubawa. Schneizel ya jefa FLEIJA a kan Pendragon, babban birnin ƙasarsa, ya shafe shi da mutanensa. Shirinsa shi ne ya ɗaga sansanin Damocles sama can inda hannu ba ya kai, ya riƙa luguden wannan bam a kan duk ƙasar da ta motsa, har duniya ta yi shiru don tsoro. Cornelia, 'yar'uwarsa, wadda ita ma hannunta ba tsarkakakke ba ne, ta ji wannan ta zare takobi, aka harbe ta a wurin. Diethard yana tsaye yana kallo, yana yaba wa Schneizel cewa ya zarce hargitsin Zero.

Ba shi ya ƙera bam ɗin ba, ba shi ke danna maɓallin ba. Amma ya ji shirin da kunnensa, yana da damar ja da baya, ya zauna. Wanda Cornelia ta fi shi jin ƙyamar abu, to a duba lamarinsa.

To a jerin miyagun shirin, a ina za a ajiye shi?

Idan gawarwaki ake ƙirgawa, yana can ƙasa. Charles ya gina daula a kan aƙidar mai ƙarfi ya taka marar ƙarfi. Schneizel ya shafe birni. Clovis ya sa an karkashe mutanen Shinjuku don ya rufe asirinsa, Cornelia ta maimaita irin haka a Saitama. V.V. ya kashe matar ɗan'uwansa Charles. Lelouch ya sa an hallaka mutanen cibiyar Geass har da waɗanda ba su riƙe makami ba. Kusa da waɗannan, Diethard yaro ne.

Idan kuwa abin da ke cikin zuciya ake dubawa, yana kusa da sama. Kusan kowanne daga cikin waɗancan an ba shi wani rauni ko wata ƙauna da ke bayyana yadda ya lalace, ko da ba ta wanke shi ba. Cornelia tana son Euphemia kamar ranta. Charles da V.V. sun tashi a fadar da 'yan'uwa ke kashe juna, suka yi alkawarin kawar da ƙarya daga duniya. Diethard ba a ba shi ko ɗaya ba. Ba maraici, ba zalunci da aka yi masa in ban da rage masa matsayi a wurin aiki bayan abin kunyar ranar da Zero ya tare ayarin Suzaku. Ƙosawa ce kawai ta dame shi, ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa, ya same shi a cikin jinin mutane.

Hukuncina: mugu ne, ba tantama. Amma masu son ɗora shi a sahun shaiɗanun da ba su da na biyu sun yi zuzutawa. Bafade ne, bai taɓa zama sarki ba, kuma mafi yawan makircin da ya ƙulla da kansa bai yi nasara ba: Suzaku bai mutu ba, Tianzi ba ta auru ba, Villetta ta kuɓuta.

Lelouch ba shi da laifi da ya jawo shi jiki?

Yana da shi, babba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lelouch ya san halin mutumin tun daga tashar jiragen ruwa, ya ƙara sani bayan abin Kallen, amma bai kore shi ba, don yana da amfani. Zero ɗan wasan kwaikwayo ne, komai nasa sai da 'yan kallo: fitowarsa a otal ɗin tafkin Kawaguchi a kashi na 8 da motar 'yan jarida aka watsa ta, dawowarsa a farkon R2 ma ta hanyar layin watsa shirye-shiryen da Diethard ya tanada ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Har ina ganin wannan ne ya sa marubutan suka ƙirƙiro shi: madubi ne da ke nuna yadda Lelouch zai kasance da an cire masa Nunnally daga zuciya.

Akwai kuma wani madubin da ba shi da daɗin kallo. Mu da muke zaune muna jiran kashi na gaba, muna tafi idan Zero ya tarwatsa wani abu, kujerarmu ba ta da nisa da tasa. Bambancin dai mu zane muke kallo.

Akwai wani abin yabo a tare da shi?

Ƙwarewa. Ya iya aikinsa, yana karanta siyasa fiye da kowa a ƙungiyar in ban da Zero, kuma bai nuna wa Japanawa ƙyamar launin fata irin ta sauran 'yan ƙasarsa ba. Sai dai ko wannan na ƙarshen ban ɗauke shi kirki ba. Bai raina Bajapane fiye da ɗan Britannia ba ne saboda duka biyun a wurinsa kayan aiki ne.

Me ya sa Lelouch ya hana shi Geass a ƙarshe?

A kashi na 24 na R2, Schneizel ya shirya tserewa daga Damocles ya bar shi ya tarwatse da Lelouch a ciki, da Nunnally ma. Diethard yana cikin masu tserewa. Lelouch ya yaudari Schneizel da bidiyon da ya riga ya naɗa, ya lallaɓo ta baya ya umarce shi da ya bauta wa Zero. Diethard ya kasa jurewa. A kansa labarin Zero ya riga ya ƙare, shi da kansa ya rufe shi, ga kuma mataccen ya dawo yana ɓata masa tsari. Ya ɗaga bindiga, sai Schneizel, ubangidan da ya zaɓa, ya harbe shi don kare sabon ubangidansa.

Yana kwance cikin jini ya roƙi Lelouch ya yi masa Geass shi ma. Ba ceto yake nema ba. So yake ya shiga cikin labarin, a ce shi ma ikon nan ya taɓa shi kamar yadda ya taɓa Euphemia da Suzaku da Schneizel. Lelouch, wanda ya yi wa direbobi da masu gadi da ɗaliban makaranta Geass ba tare da ya ko tambayi sunansu ba, ya ce masa bai kai a ɓata Geass a kansa ba. Ya wuce wurin Nunnally.

Bayan wata biyu aka yi abin da Diethard ya kwashe rayuwarsa yana farauta. A tsakiyar jerin gwano, ana watsawa kai tsaye ga duniya baki ɗaya, Zero ya fito ya soke Lelouch, wanda ya riga ya zama sarkin Britannia, da takobi. Wasu ne suka riƙe kyamarorin a ranar. Wanda ke cikin fuskar Zero kuwa Suzaku ne, yaron da Diethard ya tura Kallen ta kashe tun a kashi na 18.